Man riyal 1,000 da amarya ta kawo

'Yata, kin ce amaryar da za mu fara yi wa gyaran jiki ranar Asabar ta zo da man La Mer da aka sayo mata a titin Tahliya na Jidda, kuɗinsa ya haura riyal 1,000, da wata kwalba ta mai sa fata ta yi duhu. Kina tambaya ko sun ci kuɗinsu, ko mu ma mu fara ajiye irinsu. Ɗauko kwalin ki juya bayansa.

Ƙa'ida ce kamfani ya jera abin da ya zuba, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka sunayen farko su ne man. Wannan La Mer ɗin nata, in kin wuce ruwan ciyawar teku, abin da ke biye man ma'adini ne, da basilin, da gilisarin. Man Nivea na shuɗin gwangwani, man da ake yi tun 1911, shi ma da man ma'adini da gilisarin aka gina shi. Aikinsu ɗaya, su tsare ruwa a fata kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta busar da ita. Ragowar kuɗin na kwalba mai nauyi ne, da ƙamshi, da talla, da hayar kanti. Ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020, kowane riyal 1,000 sai an ɗora masa 150. Man yana da kyau, kada ki kushe mata shi, kyauta ce daga dangin miji. Mu dai ba za mu sa jarinmu a ciki ba.

Akwai inda nake yarda a ƙara kuɗi. Man kariyar rana na gaba, don ranar Jidda ba ta wasa, kuma ita ke sa tabon ƙuraje ya daɗe a baƙar fata. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙuna, mai lamba 50 kusan 98, ki ga ratar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da za ki biya shi ne wanda ba ya barin toka-toka a fuskarmu. Sai sinadaran gyaran fata ritinol da bitamin C, waɗanda iska da haske ke kashewa, shi ya sa kwalba mai duhu mai famfo ta fi buɗaɗɗen mazubi. Ruwan bitamin C in ya koma launin shayi ya tashi aiki. Ritinol kuwa ba a ba mai ciki, kuma duk wadda ke shafa shi sai ta daina kamar mako guda kafin halawa, in ba haka ba fatar za ta biyo.

Mai sa duhun nan, na riyal 40 da na 400 duk sinadari ɗaya ke aiki a ciki, DHA, wanda ake samu daga sukarin rake ko gwozar sukari. Matacciyar fatar sama kawai yake rinawa, launin ya fito bayan 'yan awoyi, ya dusashe cikin mako guda. Ba ya kare rana ko kaɗan. Mai tsadar ya fi ɓoye warin da saurin bushewa, shi ke nan. Don farare aka yi shi tun asali. Ikon Allah, su suna biya su yi duhu, namu suna biya su yi haske. A jikinmu amfaninsa bai wuce daidaita ƙafar da ta yi dabbare-dabbare ba, kuma duhan, wato turara jiki da hayaƙin itacen ɗalhi, irin na mutanen Sudan, yana ba da launi mai kyau har da ƙamshi. In amaryar ta nace, sai bayan dilka da halawa, ki rage shi a gwiwa da gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu, nan yake taruwa.

Abin da nake tsoro ma haɗin sa fata haske ɗin nan ne mai araha da ake ƙullawa a roba ba suna ba lamba, wanda Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ba ta yi wa rajista ba. Sau da yawa a ciki ake samun Dermovate, wanda magani ne na likita, ko haidirokwinon, wani lokacin har da zaiba. Ranar Asabar, kafin ki ɗora tukunyar halawa, ki duba hannunta da cinyarta. In yatsu sun fi jiki baƙi, jijiyoyi sun fito kore, ko nankarwa ta yi faɗi, ki kira ni. Ba za mu ja wannan fatar ba, likitan fata za ta fara gani. In jikin lafiya lau ne, ki gwada man duhun a bayan ƙafarta tukuna mu ga yadda zai kama.