Filin Tambayoyinku: Kakar Besbol Ta Fara, Magoya Baya Sun Fara Kuka

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dai ban daɗe da fara bin besbol ɗin Amurka ba, kulob ɗin da na zaɓa kuma wasa goma aka yi an ci su bakwai, magoya bayansu sai zage-zage suke wai a kori koci, wasu ma har sun ce kakar bana ta tafi sai dai baɗi. Da gaske ne ta tafi ɗin? Ko in canza kulob tun da wuri?
Daga wani mai karatu

Amsa: Haba ɗan'uwa, tun yanzu? Zauna abinka. Gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, wasa 162 kowane kulob ke bugawa, daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba, kusan kullum suna fili, ba kamar Firimiyar Ingila mai wasa 38 ba. In ka lissafa, wasa goma a besbol bai kai wasa uku a Firimiya ba, to wa ke yanke wa kulob hukunci a mako na biyu? Kuma shi wannan wasan ko kulob ɗin da ya fi kowa ƙarfi sai ya sha kashi sau sittin ko kusa da haka a shekara, shan kashi uku huɗu a jere ba labari ba ne sam.

Ka ɗauki Washington Nationals a 2019, wasa 50 na farko sun ci 19 an ci su 31, magoya baya suka yi ca a kan kocinsu Dave Martinez kowa na cewa a sallame shi, ba a sallame shi ba, kuma a ƙarshen Oktoba su suka doke Houston Astros suka ɗau kofin World Series, wato kofin zakaran gasar. Su kuwa Tampa Bay Rays a 2023 wasa 13 suka ci a jere tun daga ranar buɗe gasa, magoya baya har sun fara rabon kofi a baki, amma Baltimore Orioles suka zo suka wuce su a rukuninsu, da aka shiga zagayen kifa ɗaya kwala kuma Texas Rangers suka fitar da su a wasa biyu kacal.

Sai dai ba zan yaudare ka ba, wani lokacin mummunan farawa gaskiyar kulob ɗin ce. Orioles ɗin nan a 1988 wasa 21 na farko duk an ci su, suka gama shekara da shan kashi 107. Abin da nake dubawa ni shi ne yadda ake cin kulob ɗin, in da maki ɗaya ɗaya ake tsere musu to sa'a ce kawai ba ta zo ba, in kuwa kullum ruwan maki ake musu ga manyan masu jefa ƙwallonsu a kwance da ciwon gwiwar hannu, to nan kam akwai matsala. Su Amurkawa da suka daɗe a harkar ba su cika kallon teburi da muhimmanci ba sai ƙarshen Mayu, lokacin an ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kakar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon magoya baya suna yi wa ɗan wasansu ihu a gidansu, kuma wai shi ne kyaftin. Wannan ba butulci ba ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ina kyautata zaton 'yan New York Yankees kika gani, don sun yi suna a wannan. A Afrilun 2024 sun yi wa kyaftin ɗinsu Aaron Judge ihu a Yankee Stadium ranar da ya fito bugu sau huɗu aka fitar da shi duk huɗun bai buga ƙwallo cikin fili ba, mutumin da a 2022 ya buga musu hom-ran 62, wato bugun da ke tsallake katanga. Ya gama Afrilu da ƙyar, amma kafin kakar ta ƙare ya buga 58 kuma shi aka ba gwarzon shekara na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB. Kafin shi ma Derek Jeter ya sha irin wannan a Afrilun 2004 da ya fito sau 32 a jere ba bugu ko ɗaya da ya shiga, kuma Jeter fa ba ƙaramin mutum ba ne a wurinsu.

Butulci? Ni ban kai shi can ba, mutum ya sayi tikiti da tsada ya zauna cikin sanyi awa uku yana kallon wanda ake biya miliyoyin daloli yana kaɗa sanda a iska, dole bakinsa ya yi magana. Amma in kika tambaye ni ko ihun na gyara wani abu, a'a. Mai bugu da ya matsu sai ya riƙa kai wa kowace ƙwallo sara har wadda ta kauce, shi ke nan abin ya ƙara lalacewa. 'Yan Philadelphia Phillies, waɗanda su ma ba kanwar lasa ba ne wajen ihu, sun gwada akasin haka a 2023. Trea Turner ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 300 na shekara 11 ya zo ya kasa taɓuka abin kirki wata da watanni, ranar 4 ga Agusta sai suka miƙe tsaye suna masa tafi duk sanda ya fito bugu, washegari ya buga hom-ran, daga nan ya dawo hayyacinsa har ya biya aka kafa allunan talla a gari yana musu godiya. Ban ce tafin ne kaɗai ya yi aikin ba fa, ɗan wasa irinsa ko ba tafi zai farfaɗo.

Tambaya: Akwai wani sabon yaro a kulob ɗinmu da ke ta zuba hom-ran tun makon farko, makinsa na bugu ya haura .400. In sayi rigarsa?
Daga wani mai karatu

Amsa: Kuɗinka ne maigida, amma ka ɗan dakata. Wanda ya fito bugu sau 40 ya dace sau 16 shi ne mai .400, in sau 12 ya dace ya koma .300, ka ga bugu huɗu ne kawai tsakani, ciki har da waɗanda suka faɗa inda ba kowa bisa tsautsayi. Rabon da wani ya gama kaka a kan .400 a ɓangarorin MLB biyu, American League da National League, tun Ted Williams a 1941. Chris Shelton na Detroit Tigers ya buga hom-ran tara a wasa 13 na farkon 2006, gari ya ɗauka, kafin Agusta ta kama an mayar da shi ƙaramar gasa. Abin da ke faruwa shi ne masu jifa ba su san yaro ba tukuna, da zarar sun zauna sun kalli bidiyonsa sun gano irin jifan da ba ya iya bugawa to shi za su yi ta masa. Ka bari ya sake haɗuwa da kulob ɗin da ya riga ya buga da su, in har lokacin yana bugawa, je ka sayi rigar.