Amsa: Zan kai iyali Zanzibar, ina ya kamata mu sauka?

Malam, tunda ka ce da yara za ka je, ni dai Nungwi zan ce maka, can arewacin tsibirin, domin a gabas kamar Paje ruwan teku na janyewa nesa sosai idan ya yi kasa, sai ka ga yara sun fito da kayan wanka babu ruwan a kusa.

Amma don Allah kar ka fara biyan kudin otal sai bizarka ta Tanzaniya ta fito, ta 'yan Najeriya tana daukan lokaci, kuma ka rike katin rigakafin zazzabin shawara. In daga Kaduna za ku tashi, jirgin kasa daga Rigasa zuwa Abuja, sai jirgin saman Ethiopian ta Addis Ababa. Afrilu da Mayu ruwan sama ne kamar da bakin kwarya, kar ma ka fara.

Ku ba Stone Town, tsohon garin Zanzibar, kwana daya, da yamma ku shiga lambun Forodhani da ke bakin teku inda ake gasa kifi da jatan lande a gabanka ana matse rake, sai dai ka tambayi kudi kafin a zuba maka. Maganar abinci da sallah kuwa kar ta dami Hajiya, yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai ko ta ina.