Amsoshin Tambayoyinku: Akwatin wifi ɗaya, kaya nawa zai ɗauka?

Wani Alhaji daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya rubuto cewa ya tare a sabon gida, ɗansa na son a sa ƙwayayen fitila 12 da ake kunnawa ta waya da kamara 4, ga wayoyin iyali 9 da talabijin. Akwati ɗaya zai isa?

Alhaji, Allah ya sa a zauna lafiya. Kayanka 26 ke nan. A takarda, akwatin gida na iya raba lamba ga na'ura kusan 250, amma kada wannan ya ruɗe ka. Yawancin akwatunan 4G na Huawei da ake ajiyewa a falo 32 suke karɓa, ƙananan na aljihu masu batir kuwa galibi 10 ne. To da na falon ka shiga, amma da ƙyar, baƙi ma ba su zo ba.

Ba fitilun ne abin tsoro ba, abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Kamara ce mai haɗama. Wadda ke tura hoto dare da rana da gudun megabit 1 kacal a daƙiƙa tana cinye kusan jiga 11 a kwana guda. Ka ninka sau 4, ka tambayi kanka wane forfe zai jure. Ka nemi masu ajiye hoto a katin memori, su taɓa intanet kawai in ka buɗe waya ka duba. Wifi na da layi biyu, 2.4 da 5; yawancin fitilun nan a layin 2.4 kaɗai suke aiki, don haka in akwatinka na da na 5, ka mai da wayoyi da talabijin can. Kuma a ɗora shi a tsakiyar gida, a sama, ba a bayan katangar siminti biyu ba.

Wani matashi daga unguwar Zariya yana tambaya ko akwati mai eriya 6 zai ƙara masa gudun intanet.

A'a, ƙanena. Abin da Airtel ko Moov ko Zamani suka kawo ƙofar gidanka shi akwatin ke rabawa, ba ya haifar nasa.

Tunda ka taɓo eriya, bari in faɗi abin da ke cina. Mutanenmu da ido suke sayen kayan lantarki. A ga kwali na sheƙi, a ji mai shago ya ce “ɗan Dubai ne”, shi ke nan an zaro jikkuna. Akwai akwatunan jabu da wasu eriyoyinsu roba ce zalla, ba ko waya a ciki. Akwai tsoho da aka goge aka sa a sabon kwali. Katin memori kuwa ya fi kowa ƙarya: a rubuta jiga 128, ciki ƴan kaɗan ne, sai ranar da aka yi maka sata ka je dubawa ka tarar da wayam. Wasu kuma su kwaso fitilar da aka yi don Amurka mai wuta 110, alhali tamu 220 ce, ta ƙone daren farko. Mutumin da zai duba haƙoran rago kafin ya biya, me zai hana shi cewa a jona akwati a gabansa? A sa naka layin, a haɗa wayoyi uku ko huɗu, a ba ka takardar saye. Mai shagon da ya ƙi, ka yi gaba, shaguna ba su ƙare a babbar kasuwa ba.

Wata uwargida daga Bagalam ta ce maigida na tafiye-tafiye, ya sa kamara a gida, ita kuma tana fargabar wani na kallonsu, ga wifi ɗin ya yi nauyi.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoronki na kan hanya kuma maganinsa na kusa. Nauyin dai, sau da yawa yaran maƙwabta ne suka samu lambar sirri. Ki sa wanda kika yarda da shi ya buɗe jerin na'urorin da ke kan akwatin, ku ƙirga tare, sannan ku canza lambar wifi da ta kamarar. Kada a bar wadda ta zo da ita daga kamfani. Kamarar kuma ta kalli ƙofar gida da zaure kawai; ki faɗa wa maigida cikin ladabi cewa ɗakin kwana da tsakar gidan mata ba wurinta ba ne.