Tambaya da Amsa: Ziyarar masana'antun ukulele a Hawai da kwaɗayin dawowa da guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan je taro Honolulu, kuma ina da kwana biyu da babu aiki. Ina ɗan taɓa jita. Na ji ana zagayawa da baƙi cikin wuraren da ake ƙera ukulele. Ina ya kamata in je, me kuma zan duba? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gidan abin za ka je. Wannan 'yar jita mai tsirkiya huɗu a Hawai aka haife ta, bayan jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal a 1879. Kafintoci uku daga cikinsu, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, su suka fara ƙera ta bisa salon ƙananan jitocin garinsu, Sarkin Hawai Kalakaua kuma ya shigar da ita fada.

Manyan gidajen ƙera ta huɗu ne, duk a tsibirin Oahu inda Honolulu take, duk kuma sunansu da harafin K ya fara. Kamaka ita ce uwa, tun 1916 take aiki, kuma har yau tana hannun zuriyar wanda ya kafa ta, Samuel Kamaka. KoAloha ta iyalan Okami, wadda ta soma a 1995, ita ma cikin Honolulu take, don haka rana ɗaya ta ishe ka ganin su biyun. Kanile'a tana Kaneohe, bayan duwatsu, tafiyar kamar rabin awa a mota. Ko'olau tana Wahiawa. A ranakun aiki ake zagayen, ba Asabar da Lahadi ba, kuma lokutan kan sauya, sai ka duba shafinsu na intanet ko ka buga waya tun kafin ka tashi. Sa takalmi rufaffe, wuri ne na injuna da ƙurar katako.

Kada ka yi saurin wuce ɗakin ajiyar katako, nan ne tushen tsadar. Itacen da suke ji da shi sunansa kowa (koa), dangin bagaruwa da gawo ne na nesa, kuma Hawai kaɗai ce asalinsa. Sai ya yi shekaru yana bushewa kafin a taɓa shi. Daga nan a tsaga shi gida biyu a buɗe kamar littafi, a haɗa da gam, shi ya sa zanen dama da na hagu a fuskar ukulele mai kyau suke kamar tagwaye. Ana goge fuskar har ta koma kaurin milimita biyu ko kusa da haka. Gefen kuwa jiƙa shi ake yi a lanƙwasa da zafi har ya ɗauki siffar jikinta. Roƙi a nuna maka cikin guda kafin a rufe bayanta, ka ga 'yan haƙarƙarin katako da aka manna a ƙarƙashin fuska. Idan sun yi kauri muryar ta dushe, idan sun yi siriri jan tsirkiya ya kumbura fuskar. Bambancin amon gida da gida, yawancinsa daga waɗannan haƙarƙari yake. Kamaka ta daɗe tana ɗaukar kurame aiki, waɗanda ke ƙwanƙwasa katakon da yatsa su gane kaurinsa daga yadda yake rawa a hannu.

Tambaya: Ni matsalata na san halina, in na ga abu mai kyau hannu ba ya tsayawa. Shin ya fi araha a saya a masana'anta? Ta yaya zan gane mai kyau? (Wata baiwar Allah daga Abuja)

Amsa: Hajiya, ai zagayen kan ƙare ne a ɗakin da aka rataye sababbi suna sheƙi, bayan kin sha ƙamshin katako kin ga wahalar da aka sha. A wannan lokacin kowane farashi sai ya yi kama da adalci.

Araha kam, yawanci babu. Masana'anta ba ta karya wa dillalanta farashi, wani lokaci ma oda ta yi mata yawa har babu wadda za a ɗauka nan take. Ukulele ta zallar katakon kowa da aka ƙera a Hawai tana farawa ne daga wajen dala 1,000, masu zane kamar igiyar ruwa kuma su ninka haka. A Oahu ana ɗora harajin da ya ɗan haura kashi 4 cikin 100, kuma ba a mayar wa baƙo shi a filin jirgi kamar yadda ake yi a Turai. Inda ake samun rangwame na gaske shi ne kan waɗanda suka fito da ɗan aibi, tabo a fenti ko 'yar kurji, kuma KoAloha ta shahara da sayar da irin waɗannan. Sai dai ki sa a nuna miki aibin da yatsa, ki kuma tambaya ko garanti ya shafe ta. Tabo ba ya hana amo. Tsagewa ko karkacewar wuya kuwa, ko kyauta aka ba ki, jinya kika ɗauko.

Ki lura da wani abu: wasu gidajen suna da ƙaramin suna mai sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a waje. Opio ta KoAloha a Tailan ake yin ta, Pono ta Ko'olau a Indunusiya. Kaya ne masu kyau, amma ki leƙa takardar da ke cikin ramin fuskarta don ki san abin da kika biya.

Gwajin ba ya cin minti goma. Riƙe ta kamar mai saita bindiga ki hango wuyan daga kai zuwa ciki, ya zama miƙaƙƙe. Bi gefen wuyan da yatsa, kada bakin ƙarafan nan da ke gicciye ya karce ki. A kan ƙarfe na 12, tazarar tsirkiya da ƙarfen ta kasance milimita 2.5 zuwa 3. In ta fi haka yatsu za su yi ciwo, in ta gaza tsirkiya za ta riƙa zuza. Kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan ki danne ta a ƙarfe na 12, muryar ta zama iri ɗaya sak, sai dai ta sama. Manhajar saita murya ta waya za ta nuna miki. In ta kauce sosai, an ɗora jakin (katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuska) ba a muhallinsa ba. Gwada zura takarda ƙarƙashin jakin, bai kamata ta shiga ba. Sannan ki ba wani ya kaɗa, ki koma nesa da taku biyar, domin mai riƙe da ita ba ya jin abin da masu saurare ke ji.

Zanen katako ido yake ciyarwa, ba ya ƙara amo ko kaɗan. Ki yanke iyakar kuɗinki tun daga masauki, ki je zagayen a rana ta farko, ki kwana, in har washegari guda ɗaya tak ce take ranki, to ki koma.

Tambaya: Ƙarama ko babba ga mai koyo? (Daga Kumasi)

Amsa: Girma huɗu ne: sofrano mai tsawon inci 21, konsat 23, teno 26, baritan 30. Babban mutum mai kaurin yatsu ya ɗauki konsat ko teno. Baritan saitinta irin na tsirkiyoyi huɗu mafiya siriri na jita ne, mai jita zai saba da ita nan da nan, amma muryarta ta yi nisa da ta ukulele da aka sani.

Tambaya: Wani ɗan'uwana ya kawo jita mai tsada daga waje, hunturu ɗaya ta tsage. In na sayo ukulele ta katakon kowa, za ta rayu a Kano? (Mai karatu daga Fagge)

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi duka muhimmanci, Malam, kuma ita ya kamata a fara yi kafin a zaro katin banki. Katakon kayan kiɗa yana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Kano da Maraɗi da Damagaram, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, amma haƙarƙarin da aka manna a gicciye ba sa bin sa, sai fuskar ta ja ta ja har ta dare, galibi daga bayan jaki zuwa ƙasa ko a layin da aka haɗa tsagi biyun. Kafin ta dare takan ba da alama: bakin ƙarafan wuya su fito su yi kaifi, fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiya ta fara zuza.

Za ta rayu in ka yarda da ɗawainiyarta. Sayi akwati mai tauri da ƙaramin ma'aunin laima, ka ajiye su tare. Samo ƙaramar robar sabulu mai murfi, ka huhhuda murfin, ka sa soso da ka jiƙa ka matse har ya daina ɗiga, ka ajiye a cikin akwatin wajen kai, ba tare da ya taɓa katako ba. Da hunturu ka duba shi duk bayan kwana biyu. Ka kaɗa ka mayar ka rufe, ban da ratayewa a bango don ado. Da damina ta kankama ka cire soson, in ba haka ba katakon ya kumbura, tsirkiya ta yi sama, fumfuna ta kama akwatin. Mota da aka rufe a rana kuwa tana sassauta gam, jaki ya ɓalle.

In ka san ba za ka iya wannan ba, sayi mai katako shimfiɗa-shimfiɗa irin filawud. Amonta bai kai na zalla ba, amma ba ta cika tsagewa ba, kuɗinta kuma kaɗan ne. Ana gane ta a bakin ramin fuska: zalla za ka ga jijiyar katako ta ratsa kaurin gaba ɗaya, ɗayar kuwa layi-layi za ka gani.

A jirgi ka shiga da ita hannu. Dokar Amurka da ta fara aiki a 2015 ta wajabta wa kamfanonin jiragen ƙasar karɓar ƙaramin abin kiɗa in akwai gurbi a ma'ajiyar sama lokacin da ka shiga, don haka ka shiga da wuri, sauran kamfanonin da za ka sauya kuma ka tambaye su tun wajen sayen tikiti. Ɗan sassauta tsirkiyoyin, ka cusa riga mai laushi kewaye da kan don kada ya yi wasa, rasit kuma ya kasance a aljihu saboda kwastan. Ka haɗo da saitin tsirkiya biyu ko uku, domin tsirkiyar ƙarfe ta jita ba ta dace da ita ba. Sabuwar tsirkiya takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana miƙewa tana sauka daga saiti, wannan ba aibi ba ne. In kuma tsautsayi ya sa ta tsage, sassauta tsirkiya, mayar da ita akwati da soso na mako guda bakin tsagar ya haɗu, sannan a kai wa mai gyaran jita ya sa gam na katako ya manna 'yan faci daga ciki. Kada a ɗiga mata sufa gulu, yana bushewa cikin tsagar ya hana ta haɗuwa.