Ba Mu Da Dandamali, Ko Mu Fasa Wasan?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Ɗalibaina suna son yin wasan kwaikwayo, amma ba dandamali, ba kuɗin kaya. Mu haƙura?

Amsa: Malama, don Allah kada ki fasa. Ki tuna tashe. Daga goma ga azumi yara ke bin gidaje, wani ya liƙa gemun auduga, ya dogara sanda, ya zama tsoho da gemu, gwangwani ne gangarsu. Ni kaina na yi Jatau mai magani da saiwoyi a tsumma.

Ki share gindin darbejiya, tsohon zane ya zama labule. Murya ce za ta wahalar da ke, don yara kan juya wa 'yan kallo baya suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar gwaji ki tsaya can ƙarshen fili, wanda ba ki ji muryarsa ba, sai ya maimaita.