Hukuncin Gwada Maganin Gargajiya a Jikin Ɓeraye Don Auna Zogi da Kumburi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna. Bincikena a kan wata saiwa ce da masu maganin gargajiya ke bayarwa don ciwon gaɓɓai. Mukan tatso ruwanta mu ba fararen ɓeraye, sannan mu yi musu allurar ruwan asid a ciki, mu zauna muna ƙirga sau nawa kowane ya murɗe saboda zogi. Wasu kuma a tafin ƙafa ake yi musu allurar da za ta sa ƙafar ta kumbura. Akwai rukunin da ba a ba su maganin komai, don a kwatanta. Ranar da na fara gani ban iya cin abinci ba. Wani abokin karatuna ya ce ai ɓera fasiƙi ne, shari'a ta halatta kashe shi, in daina damun kaina. Malam, akwai zunubi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, asalin wannan aiki halal ne, amma da sharuɗɗa, kuma hujjar da abokinki ya kawo ba ita ce ta halatta shi ba.

Allah ya ce a suratul Baƙara, aya ta 29, shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka. To warakar nan ba da sunanta a goshi take zuwa ba, nemo ta ake yi. Asfirin da duniya ke sha yau, tushensa wani sinadari ne da ke cikin sassaƙen bishiyar wilo, wanda mutane suka daɗe suna jiƙawa don zazzaɓi da ciwon jiki kafin a harhaɗa shi a Jamus a 1897. Saiwar da ke hannunki tana iya zama mai amfani, tana iya zama ruwa kawai, tana kuma iya lalata ƙoda ko hanta a ɓoye alhali mai shan ta na yabonta. Mutane sun riga suna sha, kin ga sanin gaskiyarta kare rai ne. Likitocin Musulmi ma sun bi wannan hanya: Ibnu Zuhr na Andalus, wanda ya rasu a 1162, a jikin akuya ya gwada huda maƙogwaro don ya ga ko raunin zai warke.

Sai dai gwajinku ba kamar sauran gwaje-gwaje ba ne, kuma a nan ne nauyin mas'alar yake. Wanda zai yi wa dabba tiyata ana iya ce masa ya fara yi mata allurar barci. Ke kuwa zogin kansa kike aunawa, in aka kashe shi babu gwajin. Ga kuma ɓerayen da aka hana magani da gangan. Saboda haka tambayar ta zama: shin shari'a ta taɓa yarda a sa dabba ta ji zafi da gangan don wata maslaha?

Ta yarda. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas cewa ya tarar da Annabi (SAW) da ƙarfen lalas a hannunsa yana yi wa raƙuman zakka shaida. Zafi ne na gaske, an jure shi don a kare dukiyar talakawa daga cakuɗewa. Amma shi wannan Annabin ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, ya ga jaki an yi masa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. Ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya, wani an halatta wani an tsine masa. Abin da ya raba su shi ne na biyun ya ƙara wa dabba azabar da buƙata ba ta kai can ba. A ganina wannan shi ne ma'aunin aikinki gaba ɗaya, kuma shi ne abin da malaman fiƙihu ke nufi da cewa larura gwargwadonta ake ƙaddara ta.

Game da maganar abokinki, gaskiya ne ɓera na cikin abubuwa biyar da hadisin Nana Aisha ya halatta kashewa, tare da hankaka, shirwa, kunama da kare mai cizo. Amma halatta kisa daban, halatta azabtarwa daban. Hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan. Sannan ɓeran da aka haifa a keji, bai taɓa ɓarnar kowa ba, ke kike riƙe da abincinsa da ruwansa, ya fi kama da kyanwar nan da wata mata ta shiga wuta saboda ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abin da hadisin abubuwa biyar ɗin ke amfanarwa kawai shi ne ɓera ya fi dacewa a zaɓa a kan wata dabbar. Kwaɗo kuwa a nisance shi, domin Abu Dawud ya ruwaito wani likita ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi.

Sharaɗi mafi girma shi ne a ce amsa ake nema da gaske. Wannan ne ya fi damuna. Idan an riga an gwada wannan saiwa ta wannan hanya, sakamakon na nan a rubuce, aka sake jera ɓeraye talatin don kawai a cika shafukan kundin digiri, ban ga abin da zai halatta shi ba. Haka wanda ya yi sakaci da awo, ko ya gyara lambobi don maganin ya fito yana aiki: ya haɗa ƙarya da azabar da ta tashi a banza, ya kuma kusanci waɗanda Ibnu Umar ya tarar sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi, ya ce Manzon Allah ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi.

Sauran sharuɗɗan kin san su daga darasinku. Abin da za a iya ganowa a cikin kwalba, kamar tasirin ruwan saiwar a kan ƙwayoyin jini ko a kan sinadaran da ke tayar da kumburi, a fara da shi, wanda bai nuna alamar komai ba kada a kai shi jikin dabba. A yi amfani da mafi ƙarancin adadin da lissafi zai karɓa. A zaɓi hanyar da ta fi sauƙin zogi da gajarta. Wannan ne masana kimiyya biyu, Russell da Burch, suka tsara a Ingila a 1959, kuma babu abin da ya saɓa wa shari'a a ciki, aiki da shi ma wajibi ne a kanki. Gwajin farantin zafi kuwa, wanda ake ɗora ɓera a kan faranti mai zafin kusan digiri 55 don a auna jin zoginsa, ba ya shiga hanin azabtarwa da wuta muddin ana ɗauke ɓeran da zarar ya lashi ƙafa ko lokacin da aka yanke ya cika. Wanda ya bari ƙafar ta ƙone ya faɗa cikin hanin. Idan an gama, dabbar da ke cikin ciwon da ba zai tafi ba a gaggauta kashe ta ta hanya mafi sauƙi, nesa da idon 'yan'uwanta, wadda ta tsira kuma a ci gaba da ba ta abinci da ruwa ko ranar hutu ce.

Wani abu kuma: in saiwar ta rage murɗawar ɓera, iyakar abin da za ki faɗa ke nan. Kada ki bari a ɗauki takardarki a ce wa jama'a likitoci sun tabbatar da ita, alhali ba a gwada ta a jikin mutum ba, ba a kuma san adadin da zai cutar ba.

Idan kin cika waɗannan babu zunubi a kanki, ana ma fatan lada in niyya ta gyaru. Idan an tilasta miki abin da ya wuce haka, ki kai maganar ga mai duba aikinki ko kwamitin da ke sa ido kan gwajin dabbobi, ki nemi a rage adadin ko a sauya hanyar. Abin da kika ji a zuciyarki ranar farko kuma rahama ce, kada ki yi ƙoƙarin kashe ta.

Wallahu a'alam.