Tambayoyin Masu Karatu: Ɗan Aljanna Yana da Zaɓi Kuwa?

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. An ba mu aikin rubutu kan malaman falsafar Kirista na Turai na da. Sun ce mutum yana da ƴancin zaɓi, sun kuma ce wanda ya shiga Aljanna ba zai sake yin zunubi ba har abada. To ba an ƙwace masa ƴancin ke nan ba? Daga wani ɗalibi a Harobanda, Yamai.

AMSA: Ɗana, kuskuren da ke kayar da ɗalibai a nan shi ne ɗaukar ƴanci a matsayin ikon aikata mugunta. Su waɗannan malamai ba haka suka ɗauke shi ba.

Fara da Agustin, bishop na Hippo (Annaba ta yau, a Aljeriya), wanda ya rasu a 430. Shi ya shata matakai uku: Adamu da farko yana iya kauce wa zunubi, bayan faɗuwarsa ɗan Adam ba ya iya kauce masa sai da alherin Allah, a Aljanna kuma ba ya iya yin zunubin sam. Hujjarsa gajera ce: Allah kansa ba ya zunubi, wa zai ce ba shi da ƴanci? A kan wannan Anselm na Kantabari (1033 zuwa 1109) ya ɗora ma'anarsa, cewa ƴanci shi ne ikon riƙe madaidaiciyar niyya don ita kanta, ba don wata riba ba.

Inda za ka daɗe shi ne wajen Tomas Akwinas (1225 zuwa 1274). A wurinsa nufi, wato ikon da mutum ke so da zaɓi da shi, yana bin abin da hankali ya nuna masa mai kyau ne. Duk wani abin duniya, dukiya ce ko mulki ko ilimi, yana da gefen da ya gaza, kamar haja a kasuwa: in ka juya ta za ka ga aibi, sai ka iya fasa saye. Daga nan zaɓi ke fitowa. Amma mai ganin zatin Allah babu gefen da zai duba ya ga naƙasu, don haka ba shi da dalilin juya baya. Kula sosai da wannan bambanci, domin a kansa maki ke zuba: abu ya zama dole daban ne da tilastawa. Tilas daga waje take zuwa, ta saɓa wa son mutum. Ɗan Aljanna kuwa abin da yake so ne ya samu.

Ba kowa ya yarda ba. A 1277 bishop na Paris, Etiyen Tampiye, ya haramta koyar da batutuwa 219, cikinsu har da masu ɗaure nufi ga hukuncin hankali. Daga baya Duns Skotus (ya rasu a 1308) ya ce ko a gaban Allah nufi yana da ikon ya dakata da so, ko da ba zai iya ƙin Allah ba. A cewarsa, dawwamar ni'imar daga Allah take, shi ke tsare bawansa. A ganina Skotus ya fi ɗaukar damuwarka da muhimmanci, Akwinas kuma ya fi bayyana dalilin da ya sa ni'imar ba ta gushewa.

A takardarka, kada ka haɗa su wuri guda. Akwinas ya sa asalin ni'ima a cikin gani, wato aikin hankali, Skotus ya sa shi a cikin ƙauna, aikin nufi. Ka fayyace ma'anar ƴanci ta kowanne tukuna, sannan ka gwada ta da tambayarka.